Tarihin Rayuwata, kashi na 14: shekarar da motar Baba ta koma tifa

Assalamu alaikum. Wancan makon mun tsaya a rabon gado, toh daga nan zan ɗora.

Land Cruiser ɗin Baba, Allah ya jiƙansa, a kasona ta faɗo. Tsohuwar 75 ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda mu nan Sudan muke ce wa tatsha, silinda shida, gas take sha. Lokacin zinariya ta haukata mutane, kowa ya nufi arewa wajen Abu Hamad, 'yan haƙa suna bin irin motar nan gida gida da kuɗi a hannu. Yaya Babba ya tsaya kai da fata sai na sayar. Ni kuma tun Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 nake ganin yadda jineh, kuɗinmu, ke narkewa a hannun mutane, na ce wlh ba zan mai da ƙarfe takarda ba, tifa zan yi da ita.

A zauren Kawu ya faɗa min maganar nan, gaban su Inna da surukai, ya ce ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kawu ya gyaɗa kai. Ba maganar ce ta ƙona min rai ba kamar dariyar da aka yi, har yaran da na goya suna rufe baki.

Wanda bai zauna Gadarif ba ba zai gane abin da na hango ba. Ƙasarmu baƙar laka ce, damina na sauka daga wajen Yuni zuwa Oktoba unguwa ta zama taɓo, babban gallab, wato babbar tifa, in ya shigo da radmiyya, ƙasar ciko, nan zai kafe sai an nemo tarakta, ga lungunanmu matsattsu ko da rani ba ya juyawa. Karo kuma, amalanken jaki, ɗan abin da zai kwaso bai cika tsakar gida ba. Mai son yashi ko tsakuwa na ɗaki ɗaya fa, wa zai kai masa?

Na kai ta mantiƙa, unguwar makanikai, wajen wani usta, wato babban makaniki, dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a gyaran sifinja, tsofaffin lorin Bedford ɗin nan. Ya zagaya ta ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa shasi da guduma yana saurare, ya fito ya ce ya zol, wato kai bawan Allah, ƙashinta lafiya lau. Muka kwance bodin asali. Abu na farko da ya kafa min, ba zai sa walda a jikin shasi ba ko nawa zan biya, wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana a nan zai tsage. Sai ya haɗa wani firam daban ya ɗora a kai ya ɗaure da noti, can ƙarshen baya ya sa hinji biyu da fin mai kauri. Jak ɗin haidirolik daga tsohuwar tirelar tarakta muka ciro, abin da ba a rasawa a garin noman dawa da riɗi. Famfon na lantarki ne, muka ƙara batir na biyu don kar ya riƙa shanye na tada mota, muka ƙara ganye a sifirin na baya. Ƙofar baya daga sama ya rataye ta, bodi na ɗagawa ita da kanta take buɗewa ta ƙasa. Ya kuma yi wani sandan ƙarfe na tokare, ya sa na rantse ba zan taɓa sa kaina ƙarƙashin bodi a ɗage ba sai na kafa shi.

Gefen bodin kuwa gajere ya yi shi da gangan. Ya ce motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce wajen tan 1 ba, yashi kubik mita 1 in ya jiƙe ya haura tan ɗaya da rabi, ga nauyin jak da firam, in gefe ya yi tsawo masu lodi cikawa za su yi, ba ruwansu da sifirin da birki. Kun ga ashe ni da usta mun fi Yaya sanin abin da jaki ke iya ɗauka.

Ranar gwaji da na danna maɓalli famfo ya yi ƙara, bodin ya tashi a hankali yashin ya zube tas, ni kaɗai na san abin da na ji. Na je murur, ofishin 'yan sandan hanya, aka gyara takardu, damina ta farko ban huta ba, in sa fowil, giyar da ke jan taya huɗu, in ratsa inda manya suka kafe. A cikinta na yi sadaki, a cikinta na yi wa Inna ɗaki na bulo.

Ko da yaƙi ya koro mutanen birnin Madani suka kwararo mana a Disamba 2023, ita ta yi ta jigilar katifu da buhuna zuwa makarantun da aka sauke su, ban karɓi ko sisi ba, kuma Yaya yana gani. Amma wannan gaba ne, za mu zo wajen.

Abin da nake so 'ya'yan Yaya su karanta shi ne wannan. Da ya tashi gininsa, babu wanda ya tuna da jaki da raƙumi, ɗansa ya turo da sassafe wai Baba ya ce a ba da makulli. Na bayar saboda zumunci. Suka sa katako suka ƙara tsayin gefen, abin da usta ya hana, suka labta mata jiƙaƙƙen yashi, kafin azahar uwar sifirin ta hagu ta karye. Na je na same shi na ce Yaya, wa ya ɗora kayan raƙumi yanzu? Bai ɗago ya dube ni ba, kuɗin gyara kuma har yau ban ga ƙwandala ba, Kawu da ya gyaɗa kai a zaure ya ce in yi haƙuri babba ne.

Mako mai zuwa in sha Allah zan kawo yadda Inna ta shiga maganar, da abin da ya sa na daina zuwa gidan Yaya cin tuwon sallah.