Kajin da ba su san shaho ba

Shekarar da na gama karatun aikin gona na dawo gida, kaina cike yake da lissafin ƙwai. An koya mana cewa kazar gidan gona tana iya yin ƙwai 280 zuwa 300 a shekara, kazar Hausa kuwa da ƙyar take kai 60. Na ga ai babu abin tsayawa shawara. Na sayo 'yan tsakin gidan gona, na raine su a ɗaki da fitila, na yi musu allurai, da suka yi gashi sai na sake su a bayan gida tare da kajin Gwaggo, su yi kiwo, ni kuma in huta da sayen abinci.

Gwaggo ta leƙo ta dube su, ta ce, "Ɗan nan, waɗannan ba su san shaho ba." Ban fahimce ta ba sai da na gani da idona. Inuwa na giftawa a sama, uwar kaza ta Hausa za ta yi wani irin kuka, kafin ƙiftawar ido 'ya'yanta sun shige ƙarƙashin rumbu. Nawa kuwa suna nan tsaye a fili. Da rana ta take sai su buɗe baki suna haki. Kajin Gwaggo suna can suna tonon juji, suna tsintar gara da tsutsa da hatsin da ya zube wurin sussuka, nawa suna bakin ƙofa suna jiran in kawo. Da suka soma ƙwai, ko kusa da abin da ke cikin littafina ba su kai ba.

Daga baya na gane inda na yi kuskure. Wancan ƙwai 300 ba daga kazar kaɗai yake fitowa ba. Sai ta samu haɗaɗɗen abinci kusan giram 110 zuwa 120 kullum, da ruwa mai tsabta, da hasken awa 16, da ɗaki mai iska. Na janye duk waɗannan, ina kuma jiran ƙwan. Kajin nama da ake yankawa a mako 6 zuwa 8 sun ma fi haka rauni, don nauyinsu kan fi ƙarfin ƙafafunsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwanci. A makaranta aibi muka ɗauke shi. Kazar Hausa za ta yi ƙwai 10 zuwa 15, ta daina, ta kwanta a kansu kwana 21, sannan ta shafe makonni tana jan 'ya'ya. Shi ya sa ƙwanta bai da yawa. Amma a gidan da babu injin ƙyanƙyasa kuma babu wutar lantarki, ita ce injin, ita ce fitilar ɗumama, ita ce mai gadi. Gwaggo ba ta taɓa sayen ɗan tsako ba a rayuwarta. Kajin gidan gona an zaɓe su ne don kada su yi kwanci, don haka duk zagaye sai ka koma ka sayo wasu.

Sai hunturu ya shigo, ya nuna mana ɗaya gefen. Cutar Niyukasil ta faɗa wa unguwarmu: koren kashi, murɗewar wuya, da safe a kwashi gawa a akurki. Kajin Gwaggo da nake ta yabon juriyarsu suka kusa ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Nawa da aka yi wa rigakafi suka tsira. Yadda ta zauna shiru a bakin akurkin nan har yau yana damuna, domin kajin su ne asusunta, da su take sayen magani da gudummawar suna. Alhali akwai rigakafin I-2 da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato take yi, ɗigo ɗaya a ido, yana jure zafin gari ba tare da ya lalace ba fiye da sauran magungunan rigakafin cutar, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Ina da wannan ilimi, ban kai shi akurkinta ba, don ido na yana kan kajina.

Akwai kaji na tsaka-tsaki, tsakanin na Hausa da na gidan gona, kamar Noiler, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, da Shika Brown mai ƙwai da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar. Na gwada Noiler. Tana fita kiwo, tana girma da sauri fiye da ta Hausa, amma sai an ƙara mata dusa da tsaki safe da yamma, kuma ba kasafai take kwanci ba.

Yanzu kajin Hausa su ne tushen garkena, ina tara 'yan Noiler kaɗan saboda kasuwar Sallah. 'Yan tsaki suna kwana da yini a ƙarƙashin kwando a makonnin farko, kafin su fita fili. Da kaka ta yi, tun iska ba ta juya ba, nakan bi gidajen layinmu da kwalbar rigakafi bayan magariba, lokacin da kaji suka shiga akurki. Daga gidan Gwaggo nake farawa, ita ke riƙe kazar, ni ina ɗiga maganin.