Abin da "Summertime" ta koya mini a ɗakin shirye-shirye

Wanda duk ya taɓa shirya kiɗan dare a gidan rediyo ya san cewa tsofaffin waƙoƙin Amurka ba su da mai su guda ɗaya. Ka ce yau za ka sa waƙa kaza, ka shiga ma'ajiya, sai ka tarar mutum goma sun rera ta, kowa da nasa salon. Dalili kuwa, a Niyok ta farkon ƙarni na 20 mai tsara waƙa daban ne, mai rerawa daban. Ana buga waƙar a takarda a sayar, sannan dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ta ba kowa damar naɗar waƙar da aka riga aka fitar a faifai, muddin zai biya senti 2 a kan kowane kwafi. Shi ya sa waƙa ɗaya take yawo daga baki zuwa baki shekara da shekaru, masu kiɗan jaz kuma suka mai da waɗannan waƙoƙi filin gwada basira.

Dattijon da na koyi aiki a hannunsa ba ya yarda a tambaye shi wanne ya fi daɗi. In ka tambaya sai ya ce, "Ɗana, ka fara gano wa ake yi wa waƙar tukuna." Da "Summertime" na fahimci abin da yake nufi.

George Gershwin ne ya tsara ta, DuBose Heyward ya rubuta baitocin, don wasan waƙa na Porgy and Bess da aka fara nunawa a 1935. Waƙar reno ce. Clara, matar wani masunci a unguwar talakawa baƙar fata ta birnin Charleston, ita ke rarrashin jaririnta, tana gaya masa cewa zamani na yalwa ne, ubansa mai arziki ne, babu abin da zai same shi. Mai kallo ya san ba haka abin yake ba, ga unguwar nan a gabansa. Can gaba guguwar teku ta tafi da Clara da mijinta, sai ga Bess, jarumar wasan, ta ɗauki marayan tana rera masa waƙar nan dai, baitocin ba su canza ba. Ashe tun a cikin wasan an rera ta fiye da sau ɗaya, kuma ma'anarta ta sauya da sauyin mai rerawa. Duk macen da ta taɓa goya ɗa a shekarar da rumbu ya yi ƙasa ta san irin wannan alkawari da uwa ke yi wa yaro, tana faɗa tana fatan Allah ya mai da shi gaskiya.

Billie Holiday ta naɗe ta a 1936, tana da shekara 21, Bunny Berigan na busa kakakin Turawa, Artie Shaw na busa kilarinet. Ka saurari yadda ganga ke tafiya: ba gangar sa yaro barci ba ce, tana da taku, har kafaɗa na motsi. Billie kuma ba ta shiga daidai inda kiɗan ya buga, sai ta ɗan jinkirta, ta lanƙwasa karin yadda take so. A kunnena, jaririn ya fita daga waƙar. Abin da ya rage mace ce da ta riga ta san duniya, tana maimaita alkawarin da aka taɓa yi mata.

Ella Fitzgerald da Louis Armstrong sun naɗi tasu a 1957, Russell Garcia ya tsara musu babbar ƙungiyar makaɗa. Louis ya buɗe da kakaki a hankali, Ella ta karɓa da murya wankakkiya, sannan ya dawo da muryarsa mai kaushi. Su kam sun yarda da alkawarin ɗari bisa ɗari. Uwa da uba ne a kan yaro, kuma in kana ji sai ka yarda cewa lalle babu abin da zai same shi. Wasu abokan aikina suna ganin ta cika zaƙi. Ban yarda da su ba. Rera waƙa yadda aka rubuta ta, ba tare da ƙawa mai yawa ba, kuma ta ratsa mutum, ya fi wuya ƙwarai, kuma Ella ta yi hakan ba tare da ka ji alamar wahala a numfashinta ba.

Wadda ta fi koya mini sauraro ita ce ta Miles Davis a 1958, da tsarin Gil Evans. Babu murya, babu baiti. Evans ya sa masu busa suna maimaita wani gajeren kari a baya, yana hawa yana dawowa, Miles kuma ya toshe bakin kakakinsa, sautin ya fito siriri. Yakan busa 'yan kaɗan ya yi shiru, ya bar na bayan su amsa masa. Dattijon nan ya taɓa sa ni na saurari faifan ina bin na bayan kawai, in manta da Miles. Sai na ji cewa su ne ke jijjiga yaron, shi kuwa yana gefe yana tunani. Daga nan na koyi raba kunne: zagaye ɗaya ga mai jan waƙa, zagaye ɗaya ga ganga da babban jita mai kauri, zagaye ɗaya ga wuraren da aka yi shiru. Yawancin shawarar da makaɗi ya yanke a waɗannan wuraren take ɓoye.

John Coltrane a 1960 ya ɗauke ta da gudu a kan saksofon, sama da minti 11, McCoy Tyner na piyano, Elvin Jones na ganguna. Reno ya ƙare a nan, nema ne da ƙarfin tsiya. Ina girmama ta, amma ba kasafai nake sa ta bayan sha ɗayan dare ba.

Sai Janis Joplin a 1968 tare da ƙungiyar makaɗa ta Big Brother and the Holding Company. Jita ta buɗe a tsanake, sannan muryarta ta shigo a tsage, tana jan kalma ɗaya har ta kusa karyewa. Na daɗe ina jin ta kamar ba uwar ce ke rerawa ba, yarinyar ce ta girma, ta ga alkawarin bai cika ba, take rarrashin kanta da kanta. Ba kowa ke iya jure ta ba. Akwai mai sauraro da ya bugo waya ya ce, "Malam, wannan ai kuka take yi." Na ce masa ƙwarai kuwa, ya ji daidai.

Wannan ya canza yadda nake jera faifai da abin da nake faɗa kafin in sa shi. Na daina cika mai sauraro da yabon mawaƙi. Nakan ba shi labarin Clara da jaririn a jimla biyu, in sa ta Ella da Louis don kunnensa ya riƙe ainihin karin, sannan in bi ta da ta Billie ko ta Miles, saboda sai mutum ya san hanya yake gane inda aka ratse. Haka nake yi da wata tsohuwar waƙar, "Body and Soul": in fara da wanda ya rera ta sak, kafin in kawo ta mai busa saksofon Coleman Hawkins ta 1939, wadda bayan 'yan layukan farko ya saki karin ya gina nasa a kan ginshiƙin waƙar. In aka fara da Hawkins, sabon kunne zai ji busa ce kawai mai daɗi, ba zai san abin da aka ajiye aka wuce ba.