Zoɓo da Kunun Aya: Yadda Muke Sana'ar a Kano

Ina da ƙaramin kamfanin kayan sha a Kano. Muna yin zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lamurje, mu zuba a robobi mu kai shaguna da gidajen abinci da wuraren biki. Ɗakuna biyu ne da tsakar gida, da 'yan mata masu aiki tare da ni, da yaro mai babur da ke rarraba kaya. Mutane kan tambaye ni yadda muke yi da manyan kamfanonin lemo, su Coca-Cola da Fanta da Maltina, masu motoci da talla a kowane titi. Gaskiya ba su ne ke hana ni barci ba. Wanda ya zo neman kunun aya ba zai karɓi Fanta a madadinsa ba. Abin da ke hana ni barci zafi ne da lokaci. Lemon kamfani zai yi watanni a kan kanta babu abin da ya same shi, kunun aya kuwa idan sanyi ya bar shi da hantsi, kafin la'asar ya yi tsami, robar ta kumbura. Duk tsarin aikinmu a kan wannan aka gina shi.

Bari in fara da aya, domin ita ce ta fi ba mu riba, ita ce kuma ta fi ba mu wahala. Busasshiya nake saya, a buhu, yawanci wadda ake kawowa daga wajen Maraɗi a Nijar, inda ake nomanta sosai har ana fitar da ita zuwa Sifen, su ma can suna yin nasu abin sha da ita. Aya a ƙasa take girma, saboda haka takan zo da tsakuwa da yashi. Sai an tsince ta a kan tire, a rege ta a ruwa, a sake regewa. Tsakuwa ɗaya idan ta shiga injin markaɗe, ko ta ci dutsen injin ko ta dagargaje cikin ƙullun, mai sha ya ji ƙasa-ƙasa a haƙorinsa, ba kuma zai sake sayen naki ba. Akwai baƙaƙen ƙwayoyi da suka ruɓe tun daga gona, su ma a fitar da su, don su ne ke sa kunu ɗaci.

Da yamma muke jiƙa ta, ta kwana a ruwa. Kafin asuba an tashi, a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a haɗa da dabino da aka cire wa ƙwallo, da kwakwa, da 'yar citta da kanumfari. Dabinon sai an tsaga kowane ɗaya an duba cikinsa saboda tsutsa. Ruwan da muke markaɗe da shi mai sanyi ne ƙarara, da ƙanƙara a ciki, domin injin da kansa yana ɗumama ƙullu, kuma wannan ɗumin kaɗai ya isa ya tayar da tsami. Shi ya sa na sayi injina na kaina na daina kai markaɗe unguwa, inda aka gama markaɗa wake ko tattasai a zuba miki aya a kai. Bayan markaɗe a tace da kyalle sau biyu. Idan kika matse kyallen za ki ga ruwan na zubowa fari tas mai kauri, dusar kuma ta rage a hannunki a bushe tana warwatsewa, to kin san ta ba da abin da ke cikinta. Dusar masu kiwo ke saya. Daga tata zuwa firiza ba na yarda a ɗauki lokacin da ya wuce na zuba robobi da ɗaure murfi.

Zoɓo ya fi haƙuri, domin tsaminsa na kare shi, kuma dafa shi ake yi. Yakan yi kwanaki a firiza lafiya lau. Nasa aikin a wajen saye yake. Soɓorodo mai kyau ja ne wur har ya doshi baƙi, a bushe ƙayau, idan ka damƙa ka ji yana ƙara. Wanda ya sha raɓa ko aka shanya a ƙasa zai zo da ƙura da warin fumfuna, kuma duk wankin da aka yi masa warin na nan. Da kaka nake saye, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da sabon kaya ke shigowa kasuwar Dawanau daga Jigawa da Katsina da ƙauyukan Kano, in ajiye na watanni a ɗaki mai iska, a kan katako. Jigawa ce kan gaba a nomansa, kuma kasuwar Maigatari a bakin iyaka tana tara shi da yawa. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, ba da masu zoɓon unguwa kaɗai muke gasa a kasuwa ba. Dillalan masu fitar da kaya waje suna kwasar soɓorodo tirela-tirela, mafi yawansa zuwa Meziko, inda suke shan sa kamar yadda muke sha. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, mai saye da dala ya fi mu ƙarfi a gaban buhu. Ina yi wa manomi murna da wannan, ya daɗe yana wahala. Amma ni sai na yi sammakon saye, idan ba haka ba a watan azumi in sayi na bayan rumbu da tsadar na farko.

Wajen dafawa kowa da hannunsa. Mu muna wanke ganyen da ruwan sanyi da sauri don kada launin ya zube, mu zuba a tafasasshen ruwa tare da citta ɗanya da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke da kyau, a sauke, a rufe ya huce da kansa. Sukari sai bayan an tace. Wasu kan jefa kanwa don ta kashe tsami su rage sukari, sai zoɓon ya yi duhu ya rasa armashinsa. Ni ba na sawa. Masu saye kuma sun sha bamban. Mutanen cikin gari suna son citta ta ji har ta kama maƙogwaro. Baƙinmu 'yan Kudu da ke Sabon Gari sun fi son ƙamshin abarba ya fito. Waɗanda suka zauna Nijar kan tambayi mai na'a-na'a. Akwai wani dattijo da ya yi karatu a Sudan, shi marar sukari yake saye ya ɗumama a gida ya sha kamar shayi, ya ce haka ya saba sha a can. Saboda irinsa da masu ciwon sukari na fara yin marar zaƙi, kuma yana tafiya fiye da yadda na zata. Idan aka tambaye ni ko zoɓo na maganin hawan jini, nakan ce su tambayi likitansu. Abin sha nake sayarwa, kuma ban rubuta komai na magani a jikin robata ba.

Kunun zaƙi da lamurje ba na yin su kullum. Kunun zaƙi gero ne da busasshen dankalin Hausa da kayan yaji, a dama rabin ƙullun da tafasasshen ruwa a haɗa da sauran, ya kwana. Kusan kowace unguwa akwai tsohuwar da ta fi ni iya shi, kuma mutane sun san ƙofarta. Lamurje kuwa, na tsamiya da citta, kasuwarsa azumi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a sana'ar nan, wato robobi. Kowa ya san daga inda yawancin robobin zoɓo da kunu ke fitowa. Yara ne ke tsinto su a wajen biki da tasha da bola, har da harabar asibiti, su sayar wa mata a gida, a ɗauraye da ruwa da omo a zuba. Ban ga laifin matar da ke yin haka don ta ciyar da 'ya'yanta ba, jarinta bai kai na sabuwar roba ba. Amma ba a san bakin wa robar ta fito ba, ba a san me aka taɓa zubawa a cikinta ba, kuma zaren murfin nan ba ya wankuwa. Wannan ne ya sa mutane da yawa masu son zoɓo suke tsoron sayen sa a hanya, su koma ga lemon kwalba ba don ya fi musu daɗi ba. Ni sababbi nake saye daga masu buga roba, da murfi mai hatimi wanda sai ya karye kafin ya buɗe. Kuɗin roba da murfi da takardar suna wani lokaci yana kusan kamo kuɗin abin da ke ciki. Wata mai shago ta taɓa ce min, "Hajiya, naki ya fi na kowa tsada fa." Na ce, "Haka ne Yaya, amma juya murfin ki ji." Ta juya ya yi ƙas. Tun daga nan ita ke faɗa wa masu saye da bakinta.

Haka ma maganar sakarin da garin launi. Sukari ya yi tsada, kuma ɗan ƙanƙanin sakarin zai zaƙaƙa bokiti guda. Ana gane shi, yana barin ɗaci-ɗaci a bayan harshe. Wasu kuma kan tsinka zoɓo da ruwa su ƙara jan gari da ƙamshin kwalba. Ana samun kuɗi a haka, na sani, amma mai saye na biyu da na uku ake rasawa. Rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ma na bi ta, da zuwan jami'ai duba wuri da gwajin kaya. Akwai ɗawainiya da kashe kuɗi, sai dai manyan kantuna ba sa karɓar kaya babu lamba, kuma sharuɗɗan da suka sa, na raba wurin wanki da wurin zuba kaya, da rufe kai da tace ruwa, abubuwa ne da ya kamata a ce muna yi ko babu mai dubawa.

Wuta ita ce rabin lissafina. Idan aka ɗauke ta da daddare firiza cike da kunun aya, to ko janareta ko asara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta dare guda na iya cinye ribar yini. Sai mu koma ga masu ƙanƙara, mu jera robobi a kula mu fasa ƙanƙara a kai mu rufe da buhu. A azumi kuwa, musamman idan ya faɗo cikin Maris da Afrilu kamar na 2023 da 2024, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40, ƙanƙara kan zama kamar zinare. Tun azahar ake layi a kanta, kuɗinta ya ninka, wani lokaci da kuɗinka a hannu ka rasa. A watan ne muke cinikin da ya fi na kowane wata, a watan ne kuma kuskuren sa'a ɗaya ke zubar da aikin dare. Daga la'asar zuwa kiran magariba waya ba ta hutawa, mai babur na fita yana dawowa, 'yan matan nan da azumi a bakinsu suna cika robobin da ba za su kurɓa ba sai an sha ruwa. Ina ƙara musu kuɗi a watan, kuma ko na ƙara ina ganin ban biya su ba.

Da shaguna kuma akwai tsarin "sai an sayar". Ka ajiye kaya, abin da ya rage a dawo maka da shi. A zoɓo ina yarda. A kunun aya na daina, domin mai shago kan kashe firiza da dare don tattalin mai, da safe ya dawo min da robobi a kumbure ya ce kayana ne ba su da kyau. Yanzu kaɗan nake ba kowa, kuɗi hannu, idan ya ƙare ya kira a ƙaro masa. Wasu sun yi fushi sun koma wa wasu, waɗanda suka tsaya kuma ba mu sake samun saɓani ba.

Idan hunturu ya shigo ciniki kan ja baya, mutane su koma ga shayi da kunun gyaɗa da koko. A lokacin biki ke riƙe mu: kamu, walima, suna, saukar karatu. Abin da ke faranta min shi ne yadda uwar biki a yanzu kan ce a jera zoɓo da kunun aya a kan tebur gefe ɗaya da lemon kamfani, har ta sa a buga sunan amarya a jikin roba. Da can abin kunya ake ɗaukar sa, sai a ce ba su da halin sayen lemo. Kuɗin bukukuwan hunturun nan nake raba biyu, rabi in sayi soɓorodo da aya na ajiya, rabi in zuba a adashin da nake yi don sayen firiza mai aiki da sola. Idan ta samu, zan fara kai kunun aya unguwannin da yanzu ba na kaiwa saboda nisa, irin su Rijiyar Zaki da Mariri.