Nauyin brutal death metal ba a murɗa gen yake ba

Ƙannena masu tasowa a wannan kiɗa na brutal death metal, wato salon kiɗan jita da ganga mai tsananin ƙara da gudu da gurnanin murya, abin da ya fi kashe faifan farko zumuɗi ne, ba ƙarancin kayan aiki ba. Kowa a ƙungiya so yake nasa ya fi na kowa nauyi. Mai jita ya murɗa gen, wato maɓallin da ke ƙara wa sautin jita kaushi a amfilifaya (na'urar ƙara sauti), har ƙurya, mai ganga ya yi ta gudu ba numfashi, mai bes, wato jita mai kaurin amo, ya cika ƙasan sauti, mai murya ya toshe duk wata kafa da gurnani. In aka haɗa sai a ji ƙugi kawai, ba kai ba gindi. Mu da muka riga ku duk ta wannan rami muka bi, kuma abin da ramin ya koya mana shi ne kunne ba ya gane nauyi sai ya sami abin gwadawa. Gudu yana fitowa ne kusa da tafiyar hawainiya, ƙara kuma kusa da shiru.

Matsalar daga rubutun waƙa take farawa. Sabon marubuci yakan jera rif goma sha biyar a waƙa ɗaya, wato guntayen salon jita, kowanne ya zo sau biyu ya wuce, ba ya dawowa. Shi a ganinsa gwaninta ce. Mai sauraro kuwa waƙa ta ƙare bai riƙe komai ba. Rif uku ko huɗu masu ƙarfi sun ishi waƙar minti uku zuwa huɗu, in an san yadda za a juya su. Ɗauki rif ɗaya ka kaɗa shi a kan bilas, wato dukan ganga mai tsananin gudu. Ka dawo da shi ganga tana tafiya da rabin gudun. Ka ɗaga shi gaɓa ɗaya a wuyan jita. Ka yanke masa bugun ƙarshe don mai sauraro ya yi tuntuɓe inda yake zaton ya san hanya. Abu ɗaya ne, amma ya ba ka sassa huɗu, kuma waƙar ta zama jiki guda. Gwajin rif mai sauƙi ne: cire wayar jita daga amfilifaya ka kaɗa shi haka nan, sannan ka buga tsarinsa da yatsu a kan tebur. In babu abin da ya rage bayan an cire ƙarar, to dama ƙarar kake so, ba rif ɗin ba.

Silam, wato sashen nan mai jan ƙafa da ake danne tsirkiya da gefen tafi, shi ne kowa yake jira, kuma shi aka fi ɓatawa. Ƙarfinsa daga abin da ya gabace shi yake zuwa. In waƙa tana gudu a kan bugu 240 a minti, aka yi daƙiƙa arba'in ana bilas, sannan kowa ya tsaya cak na tsawon bugu ɗaya, silam ɗin da ya biyo baya sai ya faɗo da nauyin da babu na'urar da za ta ba ka. In kuwa ka jera silam uku a jere, na biyu ya cinye na farko, na uku kuma gyangyaɗi yake sawa. Wannan shirun na bugu ɗaya a rubuta shi tun a waƙa, kuma a koyi yin sa da hannu: tafin dama ya kashe tsirkiya, yatsun hagu su kwanta a kai, mai ganga ya cafke faifan ƙarfe. Shirun da aka yanka da kwamfuta daga baya yana da wani irin bushewa da kunne ke ganewa.

Akwai kuma batun sassauta tsirkiya, inda da yawa suke zaton duk wanda ya fi sauka ƙasa ya fi nauyi. Lissafin bai goyi bayan haka ba. Babbar tsirkiyar jita a ɗaurin da aka saba, wato sautin da ake kira E, tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, wato 82 Hz. In ka sauke ta zuwa B ta koma wajen 62 Hz, a kan A kuma 55 Hz. To a kan A, tazarar da ke tsakanin buɗaɗɗiyar tsirkiya da gaɓar farko ba ta wuce Hz uku da 'yan kai ba. Wannan kiɗa kuwa da sautuka masu maƙwabtaka da juna ake gina shi. In ka zuba su da gudu a can ƙasa, kunne ba zai raba su ba, duk wahalar yatsunka ta tafi a banza. Saboda haka rif mai gudu a kai shi tsirkiya ta biyar ko ta huɗu, ko a hau da shi wuyan jita, a bar can ƙasa ga sassa masu tafiya a hankali. Ƙungiyar Suffocation ta jihar New York, wadda faifanta na 1991 yana cikin tushen wannan salo, da ɗaurin C# aka san ta, mataki ɗaya da rabi kawai ƙasa da na kowa, kuma ba a taɓa cewa ba ta da nauyi ba.

In har za ka sauka, ka sauka da shiri. Siririyar tsirkiya a kan B lilo take yi, in ka doke ta da ƙarfi sautin ya hau sama kafin ya dawo daidai, sai jita biyu su yi ta saɓawa juna. A jita mai tsawon inci 25.5, babbar tsirkiya mai kaurin wajen .060 ita ce ke riƙe B yadda ya kamata. Ƙasa da haka gara jita mai dogon wuya, inci 26.5 ko 27. Bayan canza kauri sai an sake saita gadar jita, a tabbatar sautin gaɓa ta goma sha biyu ya yi daidai da na buɗaɗɗiyar tsirkiya. Ranar ɗauka a sa sababbin tsirkiyoyi, har da na bes, kuma a duba ɗauri kafin kowane ɗauka, ba sau ɗaya da safe ba.

Gudun waƙa mai ganga ne ke yanke shi, ba mai jita ba. A nemi gudun da zai iya riƙewa tsaf bayan ya gaji, a rage bugu biyar ko goma, a tsaya nan. Bilas mai tsabta a 220 ya fi jin gudu a kunne a kan na 250 da hannu da ƙafa suke rabuwa. Kafin a biya kuɗin situdiyo a tsara taswirar gudun kowace waƙa a kwamfuta, da duk inda ake sauyawa, a yi ɗaukar gwaji ko da wayar hannu ce, a saurara tare. A nan ake gano sashen da ya yi tsawo da mahaɗar da ba ta zauna ba.

Yanzu ga ganga, wadda nan ne aikin haɗa sauti ya fi cin rai. Yi lissafi da kanka: bugu 240 a minti, ƙafa biyu suna raba kowane bugu gida huɗu, duka 16 ke nan a daƙiƙa, tsakanin duka da duka milisakan 62 da rabi. In gangar ƙafa tana jan amo na milisakan 150, kowane duka yana hawa kan biyu na gabansa, sai ƙasan waƙar ya zama gurnani ɗaya miƙaƙƙe. Shi ya sa gangar ƙafa a wannan salo gajeren amo take buƙata, da ƙyas-ƙyas ɗin sanda a wajen 3 zuwa 5 kHz (kHz ɗaya Hz dubu ne) don a ji kowane duka. Amma kada a bar ta haka daga farko har ƙarshe. A sassan gudu a rage mata ƙasa, wajen 60 zuwa 80 Hz, da dB (ma'aunin ƙarfin sauti) biyu ko uku, in an shiga silam a mayar mata. Wannan ɗan motsi shi kaɗai yana sa silam ya buɗe.

Sineya, ƙaramar gangar nan mai waya a ƙasa, akasin haka take yi. A lokacin bilas hannu ba ya samun damar ɗagawa, dukan sai ya yi rauni, faya-fayan ƙarfe su rufe shi, alhali a sassa masu tafiya a hankali kamar harbi take fita. Kwamfuresa, na'urar da ke rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni, ita kaɗai ba ta gyara wannan, ƙarar faya-fayan ma take ɗagowa. A bi sashe-sashe a ɗaga ta da hannu. Amfani da tiriga, wato na'urar da ke sakin samfurin sautin da aka riga aka ɗauka a kan kowane duka, ba abin kunya ba ne, kusan kowa yana yi, sai dai samfuri ɗaya tak mai ƙarfi ɗaya a kan kowane duka yana mai da ganga keken ɗinki. A sa samfura da yawa masu bambancin ƙarfi, a cakuɗa su da ainihin sautin makirfo. Kuma kafin a taɓa ikwalaiza, na'urar ƙarawa ko rage wani zangon sauti, a duba abu biyu: makirfon ƙasan sineya a juya masa fuskar igiyar sauti, domin fatar sama da ta ƙasa saɓanin juna suke yi wa makirfo, sannan makirfo biyu na sama a auna su da igiya su zama nisa ɗaya daga tsakiyar sineya. Sauti yana cin kusan santimita 34 a milisakan ɗaya, don haka bambancin tafin hannu ya isa ya sirantar da ita.

Jita kuwa, rage gen. Abin da ya yi daɗi kana kaɗawa kai kaɗai a ɗaki ya yi yawa a faifai. Gen mai yawa yana cinye bakin duka, ya cika shiru da tsaki. Ko amfilifayarka Peavey 5150 ce, ko Mesa Dual Rectifier, ko kwaikwayonsu na kwamfuta, ka sauke shi har ka fara jin kamar ya yi kaɗan, ka sa feda, wato ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa, irin Tube Screamer a gaba, nata gen ɗin a sifili, ƙararta a sama, don ta tsuke ƙasan sautin kafin ya shiga amfilifaya. Tsakiyar sauti kuma kada a kwashe ta duka, can ne rif yake zaune. Makirfo Shure SM57 ɗaya a gaban lasifika, daidai inda hular tsakiya ta haɗu da faifan, ya isa. Matsar da shi santimita biyu ya fi awa guda ana wasa da ikwalaiza. A kaɗa kowane sashe sau biyu daban-daban, ɗaya a tura hagu ɗaya dama. Kwafe ɗauka ɗaya gida biyu ba ya ba da faɗi. Ɗauka huɗu yana da kauri, amma in hannunka bai zauna daram ba, a kan gudu sai ya dagule. Kullum a ajiye tsurar sautin jita wanda bai bi ta amfilifaya ba, don in sautin bai yi ba a sake tura shi ba tare da an sake kaɗawa ba. Wajen haɗawa a yanke wa jita abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, da abin da ke sama da wajen 10 kHz, a kuma sa ido kan kumburin da danne tsirkiya ke kawowa tsakanin 100 da 200 Hz.

Wancan ƙasan da aka yanke na bes ne. Raba sautin bes gida biyu: ƙasa da 200 Hz a bar shi tsaf a matse shi sosai, na sama a ba shi ɗan datti, wato kaushin sauti, don ya ratso tsakanin jita. Yawancin abin da mutane ke yabawa suna cewa jita ta yi nauyi, bes ne suke ji.

Murya a wannan kiɗa ganga ce ta biyu. A rubuta mata tsari kamar yadda ake rubuta wa ganga, da wuraren numfashi, kuma a bar wasu rif su tafi su kaɗai. Gurnani mai zurfi yana zaune ne a zango ɗaya da jita, wajen 200 zuwa 500 Hz, shi ya sa ɗaga ƙararsa ba ya fito da shi, sai dai a ɗan rage wa jita a wurin lokacin da murya ta shigo. Rufe kan makirfo da tafi yana ƙara duhu amma yana cinye baƙaƙe. Iska daga ciki take tahowa, ba a matse maƙogwaro. In ka ji zafi ko kaikayi, ko muryar maganarka ta dushe bayan ka gama, to dabararka ce ba daidai ba, ka tsaya. Kada a tara ɗaukar murya duka a ranar ƙarshe.

Wanda yake ganin ingancin ɗauka ƙawa ce kawai, ya duba abin da ya sami Suffocation ɗin nan. Faifansu na 1991 da na 1995 a situdiyon Morrisound da ke Tampa a jihar Florida aka yi su tare da mai ɗaukar sauti Scott Burns. Na tsakiya, na 1993, ba a can aka ɗauka ba, kuma sautinsa ya fito a dagule har ya binne rubutu mai kyau. Shekaru suka yi suna sake ɗaukar waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya a faya-fayan da suka biyo baya. Wannan ba yana nufin a goge komai ya yi ƙyalli ba. Ɗanyen sauti zaɓi ne mai kyau in an ji me kowa yake kaɗawa.

A matakin ƙarshe kada a matse waƙa da limita, na'urar da ke danne ƙololuwar sauti, don neman ƙara. Dandalin sauraron waƙa na Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), don haka wadda aka matse za a sauke ta, ta zo daidai da sauran, amma ta riga ta rasa bugunta. A bar ƙololuwa a wajen -1 dB. In za ka gwada aikinka da faifan da kake so, ka daidaita ƙararsu tukuna, domin kunne kullum wanda ya fi ƙara yake zaɓa. Sannan ka haɗe hagu da dama wuri ɗaya ka saurara, ka kuma saurara a lasifikar waya a ƙaramar murya. In jita ta ɓace da aka haɗe, akwai saɓani tsakanin ɗauka biyun ko tsakanin makirfo. In bes ya ɓace a waya, dattin samansa ne bai isa ba, a ƙara masa wajen 800 Hz zuwa 1.5 kHz.