Hasashen motsi wajen matse bidiyo: inda ake samun rangwame da inda ake tafka asara

Bidiyon 1080p da ba a matse ba, mai hotuna 30 a daƙiƙa, yana cin kusan megabit 746 kowace daƙiƙa. Wanda ake kallo a intanet kuwa yawanci bai wuce megabit 5 zuwa 8 ba. Kaso mai tsoka na wannan rangwame daga hasashen motsi yake fitowa, domin kusan duk abin da ke cikin sabon hoto yana nan a hoton baya, ɗan gusawa kawai ya yi.

Manhajar matsewa tana yanka hoto gunduwa-gunduwa. A H.264, tsarin matse bidiyo da aka fitar a 2003, babbar gunduwa fiksel (ɗigon hoto) 16 ce tsawo da faɗi, ana kuma iya rarraba ta har zuwa 4 sau 4. Kowace gunduwa sai a nemo mata wurin da ya fi kama da ita a hoton baya, a aika abu biyu: kibiyar motsi, misali "fiksel 5 dama, 2 sama", da ragowa, wato bambancin da ya saura bayan an ɗora wannan kan wancan. Hoton bayan da ake dubawa ba na asali ba ne, wanda aka matse aka sake warwarewa ne, don shi kaɗai na'urar mai kallo take da shi. In aka yi hasashe daga na asali, kuskure zai riƙa taruwa har sai cikakken hoto na gaba ya share shi.

Neman kansa aiki ne ja. Idan za a duba kowane wuri cikin tazarar fiksel 16 ta kowane ɓangare, wurare 1,089 ke nan ga gunduwa ɗaya, kowane wuri da ɗebewa 256, ga shi hoton 1080p yana da gunduwa 8,160. Lissafin ya haura biliyan 2 a hoto guda. Shi ya sa x264, wata manhajar matsewa da tsarin H.264, take farawa daga inda kibiyoyin maƙwabta suka nuna, ta duba wurare shida a kewaye, ta matsa zuwa mafi kyau, ta maimaita. Wannan salon nema, mai suna hex, yana da sauri, amma yakan maƙale a wurin da ya ɗan yi kama alhali mafi dacewa yana can nesa, musamman a wasan ƙwallo ko lokacin da kyamara ta juya da sauri.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Masu fara wannan aiki sukan ɗauka cewa kibiyar da ta bar mafi ƙarancin ragowa ita ce mafi kyau. Ba haka ba ne, domin ita ma kibiyar bit take ci, wato tana ƙara girman fayil. H.264 ba ya aika ta ɗungurungum. Yana ɗaukar matsakaiciyar kibiyoyin gunduwar hagu da ta sama da ta sama-dama, sannan ya aika bambancin kawai. Ɗauki farin bango a bayan mai magana: wurare ɗari za su yi kama da juna, kuma in aka bi kamanni zalla kowace gunduwa za ta nuna nata gefen, a ƙona bit a kan bangon da ko motsi bai yi ba. Manhaja mai kyau tana haɗa kuskuren hoto da yawan bit da aka ninka da wani ma'auni mai suna lamda, ta zaɓi mafi arahar jimilla. Sau da yawa zaɓin shi ne a tsallake gunduwar, ba kibiya ba ragowa. A ganina wannan awo ya fi faɗaɗa nema amfani nesa ba kusa ba. A HEVC, tsarin 2013 da ya gaji H.264, ma gunduwa tana iya aron motsin maƙwabciyarta kacokan daga jerin da bai wuce 5 ba, lambar zaɓin kawai za a aika.

Abu ba ya tafiya daidai da layin fiksel, don haka ake ƙirƙiro na tsakani. H.264 yana samar da rabin fiksel daga fiksel shida da nauyin 1, -5, 20, 20, -5, 1, a raba da 32, daga nan ya sauka zuwa kwata. AV1, wani tsarin matsewa na daban, yana kaiwa ɗaya bisa takwas.

Hasashe yakan ci tura a wurare sanannu. Idan haske yana dushewa zuwa baƙi, babu abin da ya motsa amma kowane fiksel ya canza, sai ragowa ta kumbura. Maganinsa hasashe mai nauyi, weightp a x264. Idan mutum ya wuce ya buɗe abin da ke bayansa, hoton baya ba shi da wurin, amma hoton B, wato wanda ake hasashensa daga baya da gaba, yana iya ɗauko shi daga na gaba. Zuƙowar kyamara da juyawarta sun fi ƙarfin kibiya ɗaya, shi ya sa VVC, tsarin 2020 da ya gaji HEVC, ya zo da hasashe mai ma'auni 4 ko 6 wanda ke miƙa gunduwa ya karkata ta. Mafi ɓarna shi ne yayyafin ɗige-ɗigen da kyamara ke yi a hoto a ƙarancin haske. Ba ya maimaita kansa, don haka babu hasashen da zai kama shi. A ɗan tace shi kafin a matse. AV1 ma yana iya cire shi, ya aika bayaninsa, na'urar mai kallo ta sake yayyafa makamancinsa.

A x264, saitin medium yana zuwa da me (salon nema) hex, merange (tazarar nema) 16, subme (zurfin tantance zaɓi) 7, ref (yawan hotunan da ake dubawa) 3 da bframes (yawan hotunan B a jere) 3. Ga bidiyo mai saurin motsi a koma me umh, salon da ya fi faɗin nema, da merange 24, domin hex ba ya wuce 16 ko an rubuta masa fiye da haka. A ɗaga subme zuwa 9, a sa b-adapt (yadda ake zaɓen wurin hoton B) 2. Neman esa mai duba ko'ina da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ƙara ref yana taimakon zanen katun da hoton fuskar kwamfuta, inda abu ɗaya ke dawowa, amma a matakin 4.1 na H.264 (iyakar abin da na'ura ke iya buɗewa) bidiyon 1080p ba ya wuce ref 4, kuma in aka haura wasu talabijin da tsofaffin wayoyi za su ƙi buɗe shi. Wajen gwaji a canza saiti ɗaya a lokaci guda, a bar crf (saitin ingancin hoto) yadda yake, sannan a auna girman fayil tare da ingancin hoto a yankin da motsi ya fi tsanani.