Yadda na yi kwana uku ina fama da 4,294,967,297

Wani ɗalibina ne ya jawo mini. Ya rubuto lambar a bayan littafinsa, ya ce, "Malam, wannan firam ce?" Yana nufin irin lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da 1. Na ce gobe zan ba shi amsa. Goben ta zama gata.

Abin da ido ke gani na gama shi nan take. Da 7 ta ƙare, don haka mara ce, 2 da 5 sun fita. Na tara alƙalumanta goma suka ba ni 59, ke nan 3 ma ba ta shiga. Daga nan wahala ta fara, domin kalkuletana alƙaluma takwas kawai take ɗauka, ni kuma na ƙi taɓa waya, tsabar taurin kai. Na raba da 7, saura 5. Da 11, saura 5. Da 13, saura 10. Haka na yi ta cika takardu har dare biyu, sai na tuna cewa a wannan tafiyar sai na gwada rabawa har wajen 65,536, lambar da in ka ninka ta da kanta za ka kusan samun wannan, kafin in huta. Na ajiye biro.

Da tun farko na tambayi asalin lambar, da ban sha wannan wuya ba. Ashe 2 ce aka jera sau 32 aka ninka su da juna, aka ƙara 1, ɗaya daga cikin lambobin Fermat, mutumin Faransa da ya zaci a 1640 cewa duk irinsu firam ne. Ana samun su ne in aka jera 2 sau 1, 2, 4, 8, 16 da sauransu, aka ninka su da juna, aka ƙara 1. Biyar na farko, 3, 5, 17, 257 da 65,537, sun gaskata shi. Ta shidan ce wannan, kuma masanin lissafi Euler ya fasa ta a 1732. Shi ne kuma daga baya ya nuna cewa duk firam ɗin da zai raba ta, in ka cire masa 1, sai ya rabu da 64. Sai jerin ya tsuke: 193, 257, 449, 577, 641.

A kan 641 na yi abin kunya. Bayan na sami 6 da 7, ragowar ta zama 2, na sauko da 6, bai isa ba, na sauko da 7, bai isa ba, na wuce ban rubuta sifili biyun ba. Na sami 67,417, ina ta murna. Da na ninka don tabbatarwa, ko kusa bai kai ba. Kuskuren da nake jan kunnen 'yan aji ɗaya a kai! Amsar ita ce 6,700,417, ita ma firam ce. Masu raba lambar huɗu ne kacal: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta.

Ranar Laraba na kai wa yaron takardun duka, har da mai kuskuren. Ya duba, ya ce, "Malam, to ta bakwai fa?" Alƙalumanta ashirin ne. Na ce ya je ya kawo alli.