Ƙwan fitila mai wat 100 da abin da ya raba ni da maigidana

Canza ƙwan fitilar mota ba aikin garaji ba ne. Mai faɗin haka ya yi shekaru yana koyon aikin wutar mota a nan Tawa, kuma a watan nan ya tattara kayan aikinsa ya bar gidan da ya koya. Duk mai mota da ke da ɗan haƙuri zai iya yin aikin a ƙofar gidansa bayan la'asar, ya gama ya wanke hannu ba a kira magariba ba. Amma a garajinmu ba a son mai mota ya san haka. Da an buɗe kapo sai maigida ya ce a kai baƙo inuwa a ba shi shayi, mu kuma mu kewaye fitilar muna jan lokaci, don aikin minti biyar ya yi kama da na awa guda. Ban taɓa jin daɗin wannan ba, amma ba shi ya raba mu ba.

Wata Hilux ce ta raba mu, ta wani Alhaji mai fataucin albasa da ke yawan tafiyar dare tsakanin Tawa da Konni. Ya zo yana kukan fitilarsa ba ta gani. Ni aka sa in duba. Gilashin gaban, wanda roba ce, rana da ƙura sun cinye shi ya koma ruwan ɗorawa, wayar mas kuma, wadda wuta ke komawa batir ta cikinta, ta yi tsatsa inda aka ɗaure ta a jikin mota. Ƙwayayen samfurin H4 ne masu wat 60/55, wato 60 na doguwar wuta da 55 na gajera, irin waɗanda motar ta zo da su, lafiyarsu lau. Na rage murya na ce, "Maigida, ba ƙwan ba ne. Mas ce, da gilashin." Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kai ka koya mani aiki ko ni na koya maka?" Ya jawo durowa ya ciro ƙwai biyu masu 100/90, masu shuɗin gilashi, ya danƙa mini da hannunsa, ya ce wa Alhaji yau zai ga allura a kan kwalta. Na sa su. Wanda ya zauna garaji ya san yaro ba ya ja da ubangidansa a gaban baƙo.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙwai mai wat 55 a motar da ke aiki da volt 12 yana jan wuta ƙasa da amp 5. Mai wat 100 yana jan wajen amp 8. Fizibil ɗin, wanda ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, na amp 10 ne, saboda haka ba zai ƙone ya ceci komai ba, sai dai wutar ta yi ta ratsa siririyar waya da kan robar da ke kama ƙafafun ƙwan, suna zafi a hankali, dare bayan dare. Abin da ya faru ke nan. Bayan 'yan makonni, Alhaji ya wuce Badagishiri cikin dare, fitilar hagu ta ɗauke, ta dama tana kawowa tana ɗaukewa. A hanyar da amalanken jaki ke tafiya ba ko tocila, raƙuma kuma ke tsallakawa ba sallama. Allah ya taimake shi ya samu wata babbar mota ya bi bayanta har gari.

Da safe ya zo ransa a ɓace, garaji cike da mutane. Maigida ya leƙa, ya ga kan wayar ya narke ya manne da gindin ƙwan, sai ya juyo ya nuna ni. "Alhaji, ka yi haƙuri. Wanga yaro na, ya kama ƙwan da hannu. Kullum ina hana shi." Ya zage ni har da ambaton gidanmu, ƙananan yaran da nake koya wa riƙe pansa suna tsaye suna kallo, ya kuma yanke mini kuɗin abinci, wai kuɗin kan waya ne.

Gaskiya ne ba a kama gilashin ƙwan halojin, irin su H4, da yatsa. Maiƙon hannu yana tara zafi a wuri guda, gilashin ya kumbura ko ya yi fari, ƙwan ya mutu da wuri. Ni ma haka nake koyarwa. Amma maiƙon yatsa bai taɓa narkar da roba ba. Ƙwan nan na ɗaga shi a rana na duba, gilashinsa garau, zaransa biyu duk a haɗe, da na jona shi da batir ya kama nan take. Maigida ya fi ni sanin haka nesa ba kusa ba. Shaidar da na riƙe ita ce abin da ya yi bayan Alhaji ya tafi masallaci: ya yanke kan wayar da ya narke ya sa wani, ya goge mas ɗin da na nuna tun farko, ya mayar da ƙwai masu 60/55, ya karɓi kuɗin "gyaran wayoyi". Har na bar gidan bai taɓa kira na gefe ya ce mini komai a kai ba. Na ci gishirinsa, kuma duk abin da hannuna ya iya a wurinsa na samo, ba zan yi butulci ba. Sai dai ko yanzu in na ga shuɗin ƙwan nan rataye a shago, zuciyata sai ta sosu.

Tun daga ranar na ƙudurta duk mai motar da ya tsaya kusa da ni zan nuna masa yadda ake yi, ya gani da idonsa. Ka kashe mota ka zare makulli, ka bar fitilar ta huce, domin ƙwan da ya gama aiki yana tashin fatar yatsa. Bayan fitilar akwai kan waya mai ƙafa uku idan H4 ce, mai ƙafa biyu idan H7 ce. Ka kama robar ka ja kana ɗan girgizawa, kada ka ja ta waya. Sai murfin roba, ka cire. A ƙarƙashinsa akwai 'yar wayar ƙarfe da ta danne ƙwan, ka danna ta ciki ka kautar gefe, za ta buɗe kamar ƙyauren taga. Kafin ka zaro tsohon, ka dubi yadda ya zauna. Gindin H4 yana da kunnuwa uku, ɗaya ya fi faɗi, kuma hanya ɗaya tak yake zama. Idan kana turawa da ƙarfi, ba daidai yake ba. Sabon ka riƙe shi ta gindin ƙarfe ko da tsumma mai tsabta, in kuma yatsa ya taɓa gilashin ka goge da alkol ka bari ya bushe. Wasu motocin da suka fito daga Amurka suna amfani da 9005 da 9006, su babu wayar ƙarfe, murɗawa kaɗan ake yi su fito.

Murfin robar nan shi mutane suka fi rainawa. Na sha buɗe kapo in tarar an jefar da shi don ya yi wuyar mayarwa. A garin da hunturu ke cika ko'ina da ƙura, damina kuma ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, fitilar da ba murfi madubinta na ciki yake dushewa, kuma shi ba a goge shi ya dawo. Daga nan sai mai mota ya fara neman ƙwai mai ƙarfi, a sake komawa gidan jiya.

Idan ka gama, ka faka motar a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, ka kunna kod, wato gajeriyar wuta. Iyakar hasken a bango ya kamata ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da kamar santimita 10. In ya hau sama, kana makantar da mai zuwa ne, kai kuma ba ka ganin ramin da ke gabanka. Wannan ne ma ya sa nake ƙin fararen ƙwayayen LED da matasa ke cusawa a fitilar da aka ƙera don halojin. Hasken ba ya fitowa daga inda zaren yake, madubin ba ya iya tattara shi, sai ya watsu a idon mutane. Mai motar yana murna fitilarsa ta yi fari, ɗan kabu-kabun da ke tahowa kuwa sai ya sauka daga kwalta yana lalube.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Ka tafi shago da tsohon ƙwan a aljihu, lambarsa tana rubuce a gindi, kuma ka duba kada a ba ka mai volt 24 na manyan motoci. In ɗaya ya mutu ka canza biyun, ɗan'uwansa ma ya kusa. In fitilu biyu sun ɗauke lokaci guda, fara da fizibil da rele, makunnin da ke tura musu wuta, kafin ka sayi komai. In ƙwai yana yawan ƙonewa, a auna alternatar mota, mai cajin batir, inji yana kunne, ya kamata a ga wajen volt 14, in ya haura 15 ita ce ke cinye maka kuɗi. Fitilar zenon kuwa, mai aiki da gas maimakon zare, kada ka taɓa ta a gida, wutar da ke tayar da ita tana haura volt 20,000, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Wannan ka kawo mana.

Na kama 'yar rumfa a bakin hanyar Agadas, ni da ɗaya daga cikin yaran da suka ga abin da aka yi mini, da izinin mahaifinsa. Kayan da na fara sarowa H4 ne masu 60/55, da H7 da H1 masu 55, da kawunan waya, da takardar goge gilashi. Wani direba ya riga ya zo neman mai wat 100, na ce ba na ajiyewa. Na goge masa gilashin, na gyara mas, na sa shi ya cire ƙwan ya mayar da hannunsa har sau biyu, sannan ya biya kuɗin gogewa ya kama hanyar Abalak.